Motar Marigayi Hedimasta Mabhena

Da hantsi Gogo MaNkala ta dawo daga zaman makoki a ƙauyen bayan tudu, ta tarar babu motar mijinta. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin abin da ya wuce taku uku, don haka sai da ta shiga rumfar motar, ta miƙa hannu inda ta saba dafa ƙarfe, hannun ya wuce cikin iska. Ihunta ne ya tara mutane.

Shekara goma sha tara motar tana rumfar nan ba ta motsa ba. Chevrolet ce ƙirar 1956, koriya mai farin rufi, wadda mijinta marigayi Hedimasta Mabhena ya hau har injinta ya mutu. Wani mai tara tsofaffin motoci a birnin Bulawayo ya saye ta dala dubu takwas, da sharaɗin a kai masa ita har ƙofar gida yadda ya gan ta, sannan ya biya. Da kuɗin za a yi wa Gogo aikin ido, a haƙa mata rijiya. Kuma ranar ce babbar motar da za ta ɗauke ta ta zo daga birni.

Velaphi Mlotshwa yana gyaran shingen gonarsa aka aiko masa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun karkanda da na masu kashe ta a dajin Matobo, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Yanzu ko akuya ce ta ɓata, ko rumbu aka fasa, shi ake nema.

Tun daga nesa ya ga abin ya wuce maganar mota. An ɗaure mutum a jikin bishiyar tsakar gida, leɓensa a fashe, samari kusan goma sun kewaye shi da kulake. Zimba ne, mai yawo ƙauyuka da tsohuwar akori-kura yana sayen ruɓaɓɓun ƙarafa.

"Ka zo daidai, Mlotshwa," in ji Zephaniah Mabhena, ƙanen marigayi, wanda shi ne mai unguwa. "Ga ɓarawon nan. Saura ka nuna mana inda ya kai ta."

"Wa ya gan shi?"

"Ga sawun tayarsa a ƙofar gida. Sau uku yana zuwa wai a sayar masa da ita a kilo."

"'Yan sanda fa?"

"Sun fita wani aiki, sai la'asar. Yaran nan kuwa sun ce ba za su jira la'asar ba."

Velaphi ya bi samarin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san ranar da aka haife su.

"Ku ba ni zuwa ƙarfe biyu," ya ce. "Wanda ya sake taɓa shi kafin nan, da bakina zan ba da sunansa da na ubansa."

*

Rumfar ba ta gaya masa komai ba. Ƙafafun 'yan kallo sun tattake ciki da waje, garken shanun gidan kuma ya bi ta bayanta da safe ya dame ƙasar. Ya dawo ƙofar gida, ya durƙusa da ƙyar a kan sawun tayar, ya daɗe yana kallo.

"Gogo, yaushe rabonki da motar?"

"Jiya da magariba, da zan fita. Sai da na shafa ta na ce mata gobe sai birni."

"Kafin yayyafi ko bayansa?"

"Ya riga ya ɗauke."

Velaphi ya nuna wa mai unguwa ƙasa. "Dubi cikin sawun, duk tabon ɗigon ruwa ne. Motar Zimba ta zo ta tafi kafin yayyafi. Lokacin Chevrolet tana rumfarta."

"To sai me? Ya zo leƙen asiri da rana, ya dawo ta wata hanya da kowa ya tafi makoki."

Zimba ya ɗago kai. "Baba Mlotshwa, na rantse da kabarin uwata, tsohuwar garma na zo ɗauka. Motata da ƙyar take jan kanta, in na zo tudu sai fasinja ya sauka ya tura. Ina ita ina jan wancan dutsen ƙarfe?"

Wani saurayi ya ɗaga kulki. Velaphi ya kalle shi kawai, ya sauke.

*

Direban babbar motar, wani ƙaton mutum mai suna Hove, yana zaune a inuwar motarsa yana tura burodi da kunun mahewu. Wata mata mai tallan tumatir ta riga ta baza wa kowa cewa ta ga motarsa tsaye a mararrabar kwalta tun da sassafe, ga shi kuma bai iso gidan ba sai wajen tara.

"Me ka tsaya yi awa biyu a mararraba?" Velaphi ya tambaye shi.

"Ni ma na shiga layin ɓarayi ke nan, Mdala?" Haka suke kiran dattijo a nan.

"Kai kaɗai ke da motar da za ta iya ɗaukarta. Ka yi sa'a ba kai ne a jikin bishiya ba."

Hove ya ajiye burodin. Ya ciro waya, ya lalubo wani saƙo ya miƙa masa. Shekaranjiya aka turo: ya jira a mararraba ƙarfe shida na safe, mota za ta same shi a can. Babu suna.

"Na jira har takwas. Na kira lambar, a kashe. Sai na ce bari in ƙaraso in ji."

"Ba ka yi mamaki ba? Motar da ba ta tashi, ta yaya za ta same ka a kwalta?"

"Ina ruwana? Ni sauƙi aka yi mini." Ya goge baki da bayan hannu. "Ka ga, Mdala, ɗaukar matacciyar mota ba wasa ba ne. Sai na jawo ta da igiyar ƙarfe a hankali, na ɗaure ta kusurwa huɗu, sannan in yi rarrafe kilomita ashirin a kan duwatsunku. Taya ɗaya ta fashe mini, ɗari biyu ta tafi. Shi ya sa na ce daga ƙofar gida dala ɗari shida. Daga bakin kwalta, ɗari biyu da hamsin."

"Wa ka faɗa wa haka?"

"Duk wanda ke tsakar gidan ranar da na zo dubata. Mai unguwarku har ya ce ni ɓarawo ne mai lasisi, wai shanunsa shida sun isa su ja ta." Ya kalli sama, inda hadari ya fara haɗuwa ta kudu. "Ni dai ƙarfe uku na juya, da mota ko babu. In rafinku ya cika, sai in kwana uku a nan."

Velaphi ya koma wajen Zephaniah ya maimaita masa maganar shanu shida. Mai unguwa ya fusata har hularsa ta karkace.

"Ni? Motar yayana? Tambayi kowa, ni na ja addu'a a gidan makoki tun daga magariba har gari ya waye. Shanuna kuma suna can kiwo wajen surukina tun makon jiya."

Mata uku suka tabbatar. Ɗaya ta ce ai ko minti biyar bai bar su sun runtsa ba.

*

Gogo MaNkala tana cikin ɗakin girki, hannu biyu a cinya. Ɗanta Dumoluhle, wanda kowa ke kira Dumo, yana zaune kan kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofa. Mutum ne mai shekara arba'in, mai shiru-shiru, shi ya rage mata a gida. Shi ya kwashe mako guda yana zuba wa ƙafafun motar mai, ya sa mata tsofaffin tayoyi don ta gangara lokacin lodi.

"Karsanata na sayar, Mlotshwa," in ji Gogo. "Na damƙa wa Dumo ɗari shida na direba. Yanzu ba karsana, ba mota, ba ido."

Velaphi ya dubi Dumo. "Kai fa, ɗana, ina ka kwana?"

"Na je makoki, Baba. Na dawo da wuri saboda aikin yau. Na kwanta."

"Ba ka ji komai ba?"

"Ban ji ba."

"Matarka fa?"

"MaTshuma kanta ke ciwo. Tana kwance."

"Ko shayi ba ta dafa wa baƙi ba," Gogo ta ce da ɗaci. "Gida cike da mutane, ita tana ɗaki ta kulle ƙofa."

Velaphi ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Har ya fita ya waiwayo.

"Wa ya kora shanu da safe?"

"Ni ne, Baba."

Velaphi ya kama hanya. Yana tafe yana juya abin a ransa. Makiyayar gidan nan tana yamma, wajen fadama. Yau garken ya bi ta bayan rumfa ya nufi gabas, inda babu komai sai falalen dutse. Me saniya za ta ci a kan dutse?

*

Ya bi sawun garken shi kaɗai. A gindin dutsen shanun suka juya da kansu suka karkata zuwa fadama. Velaphi bai bi su ba. Ya hau falalen, ya ba rana baya, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa dutse.

Mutane suna cewa dutse ba ya riƙe sawu. Ba su taɓa kallonsa da kyau ba ne. Ga gansakuka an murje ta layi biyu, faɗin mota. Ga ɓarɓashin tsohuwar roba baƙi ƙirin, ga ƙwayoyin tsatsa kamar an barbaɗa garin barkono. Can gaba, inda sarƙa ta ja ƙasa, ta bar farin karce.

Bayan dutsen akwai tsohuwar hanyar amalanke da ke yanke daji ta ƙetare rafi ta faɗa kwalta, kilomita shida kacal. A nan ƙasa mai danshi ta buɗe masa komai. Shanun noma huɗu, biyu gaba biyu baya. Mutum ɗaya a gefensu da takalmin roba, yana tafiya cikin natsuwa. Motar kuma tana kauce wa kututture tana bin lanƙwasar hanya daidai. Ke nan akwai wani a ciki riƙe da sitiyari.

Da hanya ta fara gangara zuwa rafi, sawun ya sauya. Kofatai sun soma zamewa. Takun mai takalmi ya buɗe, ya koma gudu. Tun kafin ya kai gaɓa Velaphi ya tuna abin da kowa ya manta: motar da ta shekara goma sha tara a zaune ba ta da birki.

Tana can ƙasa cikin yashi, hancinta a soke, an rufe ta da rassan itace a gurguje. Gabanta ya lotse, gilashi ya tarwatse. A ƙarƙashinta ga jan sa kwance, ƙafafun baya a karye, ya riga ya sandare. Velaphi ya san san nan. Bantom ne, babban san noman Dumo.

Ya zagaya ya nemi sawun komawa. Shanu uku, a sake. Mai takalmin roba shi kaɗai. Ya bi shi taku goma, ya tsaya. Ya koma ya auna sawun zuwa da yatsa, ya dawo ya auna na komawa. Na komawa ya nutse kusan ninki biyu, takun ya gajarce, yatsun ƙafa suna tona ƙasa. A gindin wata bishiya mutumin ya sauke abin da ya ɗauko ya huta. Ga shatin inda aka zaunar da mutum. Ga tafin ƙafar mace, na dama kaɗai, na hagu bai taɓa ƙasa ba. Ga jini a kan ganye, ba kaɗan ba.

Ya duba agogo. Biyu saura kwata. Rabon Velaphi da gudu tun yana aikin daji, amma ranar ya yi.

*

Biyu da minti ashirin ya faɗo tsakar gidan yana jan ƙafa. An riga an tuɓe wa Zimba riga, bulala ta kwanta masa sau biyu a gadon baya.

"Ku kwance shi!" Velaphi ya faɗa yana haki. "Na ga motar."

Aka fito da Gogo, Hove ya matso, Zephaniah ya gyara tsayuwa. Dumo yana nan kan kujerarsa bai tashi ba.

"Tana cikin rafi, a mashigin amalanke. Ba sace ta aka yi ba. Wani ya so ya kai ta kwalta da shanu, don direba ya karɓi ɗari biyu da hamsin maimakon ɗari shida. A gangara ta ƙwace, ta bi ta kan shanun. Bantom yana ƙarƙashinta a mace."

Duk idanu suka koma kan Dumo.

"To har da shanuna aka sata ke nan," ya ce. "Ban ƙirga su da safe ba, hankalina ba ya jikina."

"Ka ji!" in ji Zephaniah da sauri, kamar wanda aka miƙa wa igiya a rijiya. "Ɓarawon da ya ɗauki mota zai ɗauki shanu."

"Ɓarawo ya dawo da shanu uku ya sa su a garke?" Velaphi ya tako har gaban Dumo. "Bar maganar shanu, ɗana. Mutum ɗaya ya kora su, mutum ɗaya ya riƙe sitiyari. Da za a dawo, ƙafa biyu kaɗai suka taka ƙasa, amma nauyin mutum biyu suka ɗauko. Sau uku ka sauke ta ka huta. Duk inda ka sauke ta akwai jini, kuma na ƙarshen ya fi na farkon yawa." Ya nuna ɗakin da ke kulle. "Tun asuba take ciki. Ba ni makulli."

Sai Gogo ta yi magana, a hankali, tana fuskantar inda take jin numfashin ɗanta.

"Dumoluhle. Ba shi makullin."

Ya ciro makullin daga aljihu, ya miƙa wa Velaphi.

MaTshuma tana kan tabarma, an ɗaure mata cinyar hagu da zane, zanen ya jiƙe sharkaf. Ta cusa gefen bargo a baki don kada a ji nishinta. Leɓunanta sun yi fari. Da ta ga Velaphi sai ta yi ƙoƙarin jan mayafi ta rufe kanta.

"Baba, kada ku taɓa shi," ta ce da ƙyar. "Ni na ce ya yi shiru. Ni na tura saƙon da wayata."

"Ajiye ƙarfinki, 'yata."

A waje Dumo ya zube gaban uwarsa. "Mama, ɗari uku da hamsin ne. Na ga kin sayar da karsanarki a kan kilomita ashirin, raina bai so ba. Na ce in rage miki, in dawo miki da su a hannu. Da ta faɗa, na rasa ta inda zan fara gaya miki. Sai na ji an ce Zimba, sai na..."

Gogo ta juya ta ce, "Ina direban nan?"

"Ga ni, Gogo."

"Na ɗauke ka ka kai mini kaya birni. Ga kayan can a ɗaki. Nawa za ka karɓa zuwa asibiti?"

Hove ya riga ya nufi motarsa yana zaro makulli. "Ku ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa, kada ku lanƙwasa ƙafar. Maza, hadarin nan ba zai jira mu ba."

Samarin da suka zo da kulake su suka ciro ƙyauren. Zimba, da shatin bulala a bayansa, shi ya kawo igiyar da aka ɗaure shi da ita, aka ɗaure ƙyauren a bayan motar. Suna ƙetare rafi ruwa ya kece.

*

MaTshuma ta rayu. Likita ya ce da an ƙara awa biyu, da wani zancen ake yi. Ta dawo bayan mako bakwai da ƙarfe a cinya, ba ta sake ɗaukar tulu a ka ba.

Ambaliyar ranar ta bi ta kan motar ta cika ta da yashi. Sai da aka yi hayar tarakta ta fito da ita, Hove ya sake zuwa ya karɓi ɗari shidansa cif. Mutumin Bulawayo ya zagaya ta sau biyu, ya ce dubu biyu da ɗari biyar, don kayan jikinta kawai. Asibiti ya cinye fiye da rabi. Mai unguwa ya aika wa Zimba akuya da ban haƙuri. Ya karɓi akuyar, amma bai sake shigowa ƙauyen ba.

Wata uku bayan haka Velaphi ya haɗu da Dumo a wurin wankan shanu, suna jiran layi. Suka gaisa, suka yi maganar kaska da tsadar magani. Can Velaphi ya rage murya.

"Abu ɗaya nake so in sani, ɗana. Ƙasa ta gaya mini inda ka bi da abin da ka ɗauko, amma wannan ba ta da shi. Ka ga bulala ta sauka a bayan Zimba sau biyu, matarka kuma tana zubar da jini taku goma daga inda kake zaune. Da ban dawo ba, a bulala ta nawa za ka tashi?"

Dumo ya kalli shanunsa uku suna iyo cikin ruwan magani.

"Kullum sai na tambayi kaina, Baba," ya ce. "Har yau ban sami lambar ba."

Layi ya zo kan Velaphi. Ya ɗaga sanda ya kora shanunsa.